Taron Lahadi babu addu'a: me ke riƙe 'yan Ethical Culture, kuma me suke koya wa yaransu?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. A zancen ƙungiyoyin sa-kai na Amurka da muka yi kwanan baya an ambaci 'yan Ethical Culture an wuce, ni kuwa ina ganin ya kamata a ɗan zauna a kansu. Jama'a ce mai zauren taro da jagora da makarantar yara ta ranar Lahadi. Suna ɗaura aure, suna raɗin suna, suna zaman makoki. Amma ba su da aƙida a kan Allah ko lahira, kuma ba a addu'a a taronsu. Mai imani ya zo da imaninsa, marar imani ya zo haka nan, ba mai tambayarsa.

Felix Adler ne ya kafa ta. An haife shi a Alzey ta ƙasar Jamus a 1851, ya taso a New York inda mahaifinsa Samuel Adler ke limancin Yahudawa a Temple Emanu-El. An tura shi Jamus karatu don ya gaji uban, ya gama digirin digirgir a Heidelberg a 1873, ya dawo ya yi huɗuba ɗaya tak a majami'ar. Ya cika ta da zancen ɗabi'a, ya bar zancen Allah a gefe, ita ce ta farko ita ce ta ƙarshe. Ranar 15 ga Mayu 1876, yana ɗan shekara 24, ya tara mutane a zauren Standard Hall ya ce a kafa taron da zai haɗa jama'a a kan aiki nagari ko da sun saɓa a imani. Aka yi wa ƙungiyar rajista a 1877. Takensu har gobe shi ne aiki kafin aƙida.

Tambayata ga masu sanin tsarin: ba salla, ba addu'a, ba tsoron wuta, to me ke fito da mutum daga gida ranar hutunsa cikin sanyin New York ya zo ya zauna? Kuma me ake koya wa yaran?

Alhaji Ɗanlami:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, wannan ba tallar kafirci ba ce kuwa? Me za mu tsinta a wurin mutanen da suka ajiye Ubangiji a gefe?

Mai Gudanarwa:
Alhaji, ranka ya daɗe, sanin abu daban, bin sa daban. Muna da 'yan'uwa a zauren nan mazauna Bronx ta birnin New York, kuma babbar makarantar da ta fito daga wannan ƙungiya a Bronx ɗin take. Gara su san ko su wane ne maƙwabtan nasu. A ci gaba, a dai kiyaye harshe.

Malama Saude:
Bari in fara da taron, tunda shi baƙo zai fara gani. Ana yin sa da hantsi, galibi wajen ƙarfe 11, ya ɗauki awa ɗaya da 'yan mintuna. Shekarar taro kan fara a Satumba ta ƙare wajen Mayu ko Yuni. A watannin zafi wasu rassan kan rage shi ya koma ɗan zaman tattaunawa.

Jerin abin ba ya canzawa sosai. Kiɗa da fari, yawanci fiyano. Sai mai gabatarwa, wanda sau da yawa memba ne kawai, ya yi maraba ya karanta gajeren kalamin buɗewa. A rassa da dama yara na zaune da iyayensu a wannan lokacin, a ba su ɗan labari na minti biyar zuwa goma a gaban kowa, sannan malamansu su kwashe su zuwa aji. Daga nan sai jawabi, minti 20 zuwa 30. Bayansa kiɗa ko ɗan shiru, a zaga da faranti, a yi sanarwa, a rufe.

Sai a fita shan gahawa da ɗan abin taɓawa, kuma wajen riƙe baƙo wannan rabin awar ta fi jawabin aiki. Wanda ya tsaya da kofi a hannu ba wanda ya ce masa uffan, ba zai dawo ba komai daɗin abin da ya ji a zaure. Shi ya sa ake ware mutum biyu ko uku aikinsu ke nan ranar, tarar baƙi, membobi kuma na maƙala sunansu a ƙirji don kada baƙo ya ji kunyar tambaya.

Zauren New York, wanda aka buɗe a 1910 a titi na 64 daura da Central Park, yana cin mutum wajen 800. A saman dandamalinsa an rubuta cewa wurin da mutane suka taru don neman abin da ya fi ɗaukaka, wuri ne mai tsarki. Iyakar zancen tsarki a ginin ke nan.

Ɗan Zongo:
Malama, ki bar ni in ƙara inda taron ke lalacewa. Jagora ba ya jawabi kowane mako. Sauran makonnin kwamitin shirye-shirye ke gayyato baƙi: malamin jami'a, lauya, likita, ɗan jarida. Idan kwamitin ya yi sake, sai taro ya koma jerin lakcoci. Wannan makon ɗumamar yanayi, na gaba gidajen yari, na gaba inshorar lafiya. Mutane su dinga duba jadawali su zaɓi ranar da batun ya yi musu, su zo su saurara su tafi. Masu sauraro ke nan, ba jama'a ba. Ranar da ɗayansu ya kwanta asibiti ba wanda ya sani.

Rassan da suka gane haka kan gindaya wa baƙon mai jawabi sharaɗi tun a takardar gayyata: kada ya tsaya a bayanin matsala, ya sauko kan abin da wanda ke zaune a kujera zai yi da ita a gidansa ko wurin aikinsa. Kuma ana raba shekara, kada makonni uku su jeru duk a kan al'amuran gwamnati ba a taɓa zaman aure, ko riƙon iyaye tsofaffi, ko yadda ake neman afuwa ba.

Barista Nafi'u:
Akwai ma shingen doka a nan. Tun 1954 dokar harajin Amurka ta hana ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa. Ana iya magana a kan manufa, a ce wannan doka zalunci ce, amma ba a cewa ku zaɓi wane daga kan dandamali. Duk mai gabatarwa da ya san aikinsa yana tuna wa baƙo wannan, musamman shekarar zaɓe.

Alhaji Ɗanlami:
To Barista, tunda an ce a ci gaba: wai addini ne ko kulob? An yafe musu haraji a matsayin me?

Barista Nafi'u:
Alhaji, a idon kotunan Amurka addini ne, kuma sai da aka kai ruwa rana. Hukumar birnin Washington ta hana reshen can yafiyar harajin gini, ta ce ba sa bauta wa wani abin bauta. A 1957 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba reshen gaskiya. Alƙalin da ya rubuta hukuncin shi ne Warren Burger, wanda daga baya ya zama alƙalin alƙalan ƙasar. A 1961 Kotun Ƙoli, a shari'ar Torcaso, wani mutumin Maryland da aka hana muƙami don ya ƙi furta imani da Allah, ta lissafa Ethical Culture tare da addinin Buddha cikin addinan da ba sa koyar da imani da Allah yadda aka saba. Jihar Texas ta sake gwada hana reshen Austin, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ƙi amincewa a 2003.

Amfanin wannan a aikace: dokar aure ta jihar New York ta ambaci jagororin ƙungiyar ƙarara cikin waɗanda ke da ikon ɗaura aure. Amma su kansu membobin ba bakinsu ɗaya ba. Wani zai ce maka addininsa ke nan, na kusa da shi ya ce shi fa daga addini ya gudo, kada a sake kira masa kalmar. Adler dai addini ya ɗauke ta.

Malama Saude:
Na dawo kan yara, don a nan abin ya fi nauyi. Adler ya fitar da littafi a 1892 a kan koya wa yara tarbiyya, ya jera matakai. Ƙanana a fara musu da tatsuniyoyi, sai labaran dabbobi masu hikima irin na Aesop, sai zaɓaɓɓun labarai daga Baibul a matsayin labaran halin ɗan Adam, sai Odisi da Iliyad na Girkawa. Sai yaro ya tasa ake shiga darasin hakkoki kai tsaye: hakkin kai, na iyaye da 'yan'uwa, na matalauci, na kowane mutum.

A kan tatsuniya ya ba malami shawarwari uku. A ba da ita da baki, kada a karanta daga littafi, don idon yaro ya kasance a fuskar mai ba da labarin. Kada a tsamo darasin a miƙa wa yaro a ƙarshe, a bar shi ya sha labarin ɗungurungum. Sannan a cire camfi zalla da abin da ya saɓa wa tarbiyya.

Ajin yau ya canza littattafai amma bai bar wannan hanyar ba. Minti 45 zuwa awa ɗaya ne. A zauna a da'ira, kowane yaro ya faɗi abu ɗaya mai daɗi ko marar daɗi da ya same shi a makon. Sai labari ko wata matsala. Misali: abokinka ya ɗauki abu a kanti, ya ce ka rufa masa asiri, ga shi mai kantin na shirin korar yaron shagonsa a kan abin. Malami ba ya faɗin amsa. Tambaya yake: wa zai cutu idan ka yi shiru, wa zai cutu idan ka faɗa, akwai hanya ta uku? Bayan nan aikin hannu mai alaƙa da batun, ko haɗa ledojin abinci da za a kai wa marasa gida. Akwai kuma zangon sanin addinan duniya, inda ake kai manyan yara ziyara masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa da na mabiya Buddha, su zauna su ga yadda ake yi, su yi tambaya.

Anti Bilki:
Da wannan sharaɗi na uku ai Gizo bai tsira ba, tunda rabin tatsuniyoyinsa da zamba yake cin nasara. Amma Malama, abin da ya tsaya min: idan malami ba ya faɗin amsa, yaro ɗan shekara takwas ba zai tashi da cewa kowace amsa daidai ce ba?

Malama Saude:
Anti, kin taɓa inda ke musu ciwo. Malaman sa-kai ne, yawanci iyaye, ba horarru ba. Wanda bai ƙware ba yakan ɗauka aikinsa shi ne ya ce madalla ga duk abin da yaro ya faɗa. Ajin ya watse ba a kai ko'ina ba. Ƙwararre ba haka yake ba. Idan yaro ya ce a bar yaron shagon a kore shi, ai ba ruwana, malamin zai ce to sa kanka a wurinsa, ka koma gida ka gaya wa mahaifiyarka an kore ka a kan abin da ba ka yi ba. Ana matsa wa amsa har ta tsaya da ƙafarta ko ta faɗi. Akwai abubuwan da ba a sa su a ƙuri'a: darajar kowane mutum, gaskiya, cika alƙawari.

Sauran matsalolin na tsari ne. Ƙaramin reshe na iya samun yara goma kacal, daga ɗan shekara huɗu zuwa ɗan sha uku, dole a haɗa su aji biyu, babba ya gaji ƙarami ya ɓace. Zuwan ma ba kullum ba, don wasan ƙwallo na yara a Amurka yakan faɗo safiyar Lahadi, yaron da iyayensa suka rabu kuma mako ɗaya yana nan mako ɗaya yana can. Saboda haka ba a gina darasi a kan na makon jiya, kowane zama sai ya tsaya da kansa. Ga ƙa'idar tsaro: manya biyu a kowane aji, ba a barin babba ɗaya da yaro su kaɗai, kuma ana binciken tarihin duk mai son koyarwa. Aji uku na nufin manya shida kowace Lahadi, waɗanda duk ba za su ji jawabi ba. Idan ba a yi karɓa-karɓa ba, cikin shekara guda sun gaji sun ajiye.

'Yan shekara 12 zuwa 14 suna da shiri na musamman na shiga girma. Yawanci ana haɗa kowane da wani babba da ba iyayensa ba, ya yi aikin taimakon jama'a, a ƙarshe ya tsaya gaban taro ya faɗi abin da ya yarda da shi da dalilinsa. 'Yan sakandare kuma suna da ƙungiyarsu mai taron ƙasa sau ɗaya a shekara.

Alhaji Ɗanlami:
Duk na ji. Amma Malama, kin ce darajar mutum ba a sa ta a ƙuri'a. Wa ya ce? Mu mun san wanda ya karrama ɗan Adam. Su daga ina suka samo? Yaron da ya san ba hisabi, ranar da ba mai ganinsa me zai hana shi?

Malam Habu:
Alhaji, tambayar nan Adler ya sha ta tun yana raye, kuma littafinsa na 1918 kusan duk a kanta yake. Karatun Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya yi tasiri a kansa. Ya raba abu biyu: amfanin mutum, wanda ke hawa ya sauka, da darajarsa, wadda ba ta taɓuwa. Ya yarda cewa ba za ka iya nuna darajar nan a awon kimiyya ba. Cewa ya yi jingina ta ake yi ga kowa, har wanda bai nuna alamar ta ba, sannan a yi mu'amala da shi a kan haka. Daga nan ya fitar da babbar ƙa'idarsa: ka yi mu'amala da mutum ta yadda za ka fito da mafi kyawun abin da ke cikinsa, ta haka naka ma zai fito.

Ko wannan ya isa tushe? Ni a ganina bai kai ƙarfin wanda ka ambata ba, kuma da yawa cikin mabiyansa na baya sun ajiye falsafar tasa mai wuya sun riƙe ƙa'idar kawai. Amsar da za su ba ka ita ce: mu saɓa a kan dalili, mu haɗu a kan aikin. Kai ka ciyar da maraya don Allah, shi ya ciyar don darajar yaron, maraya dai ya ƙoshi.

Alhaji Ɗanlami:
Maraya ya ƙoshi, amma ladan fa? To, wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu. Aikin da ake ta faɗa, me suka yi a ƙasa?

Ɗan Zongo:
Nan kam Alhaji suna da abin nunawa. A 1877 suka fara tura ma'aikatan jinya gidajen talakawa marasa lafiya. A 1878 suka buɗe ajin rainon yara kyauta don 'ya'yan leburori, ya girma ya zama makarantar 'ya'yan ma'aikata a 1880, inda ake haɗa karatu da sassaƙa da zane da ɗinki. Stanton Coit, almajirin Adler, ya buɗe gidan hidimar unguwa a Lower East Side a 1886, na farko irinsa a Amurka, yana nan har yau da sunan University Settlement. John Lovejoy Elliott ya kafa irin wannan gida, Hudson Guild, a unguwar Chelsea a shekarun 1890, ita ma tana aiki. A 1904 Adler ya zama shugaban farko na kwamitin ƙasa na yaƙi da sa yara aikin ƙarfi. Lewis Hine, wanda hotunansa na yara a masaƙu da ramukan kwal suka tayar da hankalin Amurka, malami ne a makarantarsu kafin ya koma ɗaukar hoto wa kwamitin. A 1946 Algernon Black da Alice Pollitzer suka fara sansanin bazara na mako shida da ke haɗa matasa baƙaƙe da farare, a lokacin da hakan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ku lura da abu ɗaya. Kusan duk abin da suka haifa ya girma ya bar gida. Makarantar ita ce babban misali. A 1890 aka fara karɓar 'ya'yan masu biya don a samu kuɗin riƙe ta. A 1895 aka sauya mata suna zuwa Ethical Culture School. A 1928 aka buɗe harabar Fieldston a Riverdale ta Bronx. Robert Oppenheimer na bam ɗin nukiliya a makarantar ya gama a 1921. Yau tana cikin makarantun kuɗi mafi tsada a New York, kuɗin shekara ya haura dala dubu 50, kuma tun shekarun 1990 ta rabu da ƙungiyar a hukumance. Tana ba da tallafi ga wasu ɗalibai, har yanzu kuma ana koyar da darasin ɗabi'a a cikinta, amma makarantar da aka gina don ɗan lebura ba ita ce wannan ba.

Garba Akanta:
Yaya Ɗan Zongo ya kawo mu kan kuɗi. Ba wata uwar ƙungiya da ke turo musu ko sisi. Akasin haka ma, kowane reshe ne ke biyan kasonsa ga haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, American Ethical Union, wadda ta faro a 1889. Reshe na da kwamitin amintattu da membobi ke zaɓa, da babban taro na shekara inda ake amincewa da kasafi.

Kuɗin shiga hanya huɗu ne. Na farko alƙawarin shekara: ana ware 'yan makonni ana bin membobi, kowa ya rubuta abin da zai bayar a shekara mai zuwa gwargwadon ƙarfinsa, a kan jimillar ake gina kasafi. Sai farantin Lahadi, wanda wasu rassan ke raba shi da wata ƙungiyar agaji ta gari. Sai hayar gini: bukukuwan aure, kiɗe-kiɗe, makarantar rainon yara a ranakun aiki. Sai ribar dukiyar da magabata suka bari a wasiyya.

Inda ake faɗawa rami: kaso mafi tsoka na alƙawarin kan fito daga gidaje ƙalilan, galibi tsofaffi. Biyu su rasu ɗaya ya ƙaura, kasafi ya girgiza. Abu na farko da ake yankewa shi ne albashin mai kula da makarantar yara, don shi ne ba ya ihu. Iyaye matasa su ga ba abin da aka tanadar wa 'ya'yansu su daina zuwa, shekara goma gaba ba mai maye gurbin tsofaffin. Na biyu, tsohon gini. Rufi da na'urar ɗumama ɗaki ba sa jiran kasafi. Idan haya ta zama ita ke riƙe reshe, sai ka ga kwamiti na ɓata zamansa a kan jadawalin masu haya, membobi sun koma baƙi a gidansu. Reshen St. Louis, wanda aka kafa a 1886, ya gina zauren Sheldon a 1912, ya bar shi a shekarun 1960 ya koma sabon gini a Clayton Road. Sheldon yanzu gidan kiɗa ne.

Anti Bilki:
To manya fa, karatunsu ya tsaya a sauraron jawabi?

Malama Saude:
A'a. Akwai ajin sababbin shiga na 'yan makonni a kan tarihi da ƙa'idojin ƙungiyar, da rukunin karatun littafi. Amma wanda ya fi shiga jiki shi ne zaman tunani da Arthur Dobrin ya tsara a reshen Long Island, wasu rassan suka ɗauka. Mutum kaɗan ne, a da'ira. Mai jagoranta ya zo da kalma ɗaya, a ce haƙuri ko hassada ko yafiya. A saurari ɗan kiɗa, ya karanta gajeren zance a kan batun, ya jefa tambaya. Sai a zaga, kowa ya faɗi nasa daga abin da ya sani a rayuwarsa. Dokar ita ce ba a mayar wa kowa martani, ba gyara, ba shawara, wanda ba ya son magana ya ce a wuce. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin.

Yana rushewa ta hanya biyu. Mutum ɗaya ya riƙe magana minti goma, ko wani ya kasa haƙuri ya ce ai abin da ya kamata ki yi shi ne kaza. Da zarar an ba da shawara sau ɗaya ba a tsawatar ba, mako na gaba kowa zai zo da abin da ba zai jawo masa magana ba. Idan mutane sun haura goma sha biyu, gara a raba da'irar biyu.

Ɗan Zongo:
A haɗa da kwamitin kula da juna, don shi ne amsar tambayar Malam Habu ta farko. Su ke riƙe jerin wanda aka yi wa tiyata, wadda ta haihu, tsohon da ya daina tuƙi. A raba kwanaki, wane ya kai abinci Litinin, wance ta kai shi asibiti Laraba. Idan aka yi rasuwa, jagora ya zauna da iyalin ya tattara labarin mamacin, a taron tunawa a ba da tarihinsa, 'yan'uwa da abokai su yi magana, a sa kiɗan da yake so. Ba a cewa ya tafi wuri kaza, ba a kuma cewa bai tafi ba, don a cikin iyalin akwai mai imani akwai marar shi.

Malam Habu:
To ga abin da ya rage min. Shekara kusan 150, ga wannan tarihi, amma rassan Amurka ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, mafi yawa a gabashin ƙasar. A Ingila ma haɗaɗɗiyar ƙungiyar da Coit ya kafa a 1896 ta rikiɗe ta zama British Humanist Association a 1967, ta koma fafutukar doka da shirya bukukuwa. Conway Hall, zauren 'yan Ethical na Landan, na nan tun 1929, amma an fi saninsa da lakca da kiɗan Lahadi. Me ya hana su yaɗuwa?

Malama Saude:
Ba sa kira zuwa ga tafiyarsu, kuma ba sa gaya wa yaro cewa barin ta laifi ne. An koya masa tun yana ƙarami cewa aikin ne ma'auni, ba zama memba ba. Ya girma ya tafi jami'a a wani gari da ba reshe, ya shiga aikin agaji ko lauyancin talakawa, a ganinsa ya cika abin da aka koya masa. Mafi yawan membobi manya ne da suka shigo da ƙafarsu, sau da yawa ma'auratan da suka fito daga addini biyu suna neman inda za su kai yara ba tare da ɗaya ya bi ɗaya ba. Irin waɗannan kan zauna muddin yaran na aji.

Garba Akanta:
A gwada da Sunday Assembly, taron Lahadi marar addu'a da wasu masu barkwanci biyu suka fara a Landan a Janairun 2013. Waƙa da tafi da gajeren jawabi, cikin shekara biyu rassa suka bazu a birane da dama har Amurka da Ostareliya, daga baya da yawa suka rufe. Taron ya fi na 'yan Ethical armashi nesa ba kusa ba, amma yawancin rassan ba jagora mai albashi, ba gini, ba dukiyar wasiyya, komai a wuyan 'yan sa-kai. Su kuwa 'yan Ethical, taronsu ba ya tara dubbai, amma akwai wanda aikinsa ne ya ɗauki waya idan an kira da tsakar dare.

Anti Bilki:
Shi jagoran wa ke naɗa shi? Akwai makarantar da yake zuwa?

Barista Nafi'u:
Anti, ba su da makarantar limamai tasu ta kansu. Mai so yakan zo da digirinsa, ya nemi shiga horo a ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyar, ya yi karatun falsafar ɗabi'a da tarihin tafiyar da ba da shawara ga masu damuwa, ya yi zaman koyon aiki a wani reshe ƙarƙashin gogaggen jagora, sannan a ba shi shaida. Shaidar ba ta ba shi reshe. Reshe ne ke ɗaukarsa aiki da kwantiragi, kuma reshen na iya sallamarsa. Ƙananan rassa da yawa ba su da ƙarfin biyan cikakken albashi, sai su ɗauki na rabin lokaci, ko su raba jagora ɗaya da wani reshe, ko membobi su riƙe komai da kansu su gayyato jagora daga wani gari idan aure ko rasuwa ta taso.